Faifan Korar Tsuntsaye

Litinin, da hantsi

Na buɗe shago ni kaɗai. Ba wani abu ba ne. Kafin in yi aure ma ni kaɗai nake buɗewa, kuma ƙofar ba ta ƙara nauyi ba.

Bakina bai saba da shiru ba, shi ya sa na ɗauko wannan tsohon littafin ƴan lakwal, ƴan makarantar boko, daga ƙarƙashin tebur. Mutumin da ya yi shekaru a kasuwar Madarumfa yana sayar wa jama'a fim ɗin da sun riga sun gani, in ya rasa kunne sai ya nemi takarda. Da Nasiru Mai Faifai ake ce mini. Da faifai ya mutu na koma Nasiru Mai Caji. Ni ban mutu ba, abin lura ke nan.

Matata Rashida tana gidan wanta Inusa, ita da ɗiyarmu Safiya. Ziyara ce. Haka nake ce wa duk wanda ya tambaya, kuma yau kowa tambaya yake, har waɗanda ba su kawo waya ba.

Injin da take buga wa mutane takardu yana nan lulluɓe da zanenta, yadda ta bar shi. Ni ma na iya bugu, da yatsa biyu. Wani ya kawo takardar neman aiki, na ce masa wuta ba ta da ƙarfi yau.

Talata, bayan magariba

Tuwon bakin tasha ba shi da laifi. Gishiri ne ya yi yawa.

Laraba, bayan la'asar

Hanya ta bi da ni ta gidan ƙungiyar mata masu lambu. Inusa zai ce ba hanyata ba ce, amma ba shi ya shimfiɗa hanyoyin garin nan ba.

Bari in rubuta yadda abin yake, don kada a ce ban sani ba. Wani furoje, irin aikin tallafin nan na ƙungiyoyin waje, da ya tattara ya tafi tun ina saurayi ya bar wa ƙungiyar tsofaffin ordinatar, irin masu ƙaton ƙeya kamar tukunyar biki. Inusa, da ya yi zaman Katsina, kwamfuta yake ce musu. Shekara da shekaru suna cikin sito tare da buhunan albasa. Ni da kaina na taɓa duba su, na ce a sayar wa ƴan gwangwan a huta. Sai ga Abdoul Aziz, malamin lissafi, wanda ake ce wa Mushe kamar kowane malamin boko a nan, ya dawo daga Yamai da tabarau da jakar goyo, ya ce ba su mutu ba. Wai kansu ne ya tsufa, jikinsu lafiya lau. Wai akwai wani tsari mai suna Linuks, marar nauyi, da ake zuba wa tsohon inji ya miƙe, kuma kyauta ne. Matan za su koyi bugu, su riƙa rubuta takardunsu da kansu. Ya nemi wadda ta san inji ta taimaka masa, Gwaggo Ɗelu shugabar ƙungiya ta ce ga matar ɗan wanta. Ni na ba da izini. Da bakina. Ina so wannan ya zauna a rubuce.

Kyauta! Na yi Ɗan Issa, na yi Jibiya, na sayi rediyo a hannun mutumin da ya rantse mini da kabarin uwarsa alhali uwar tana zaune bayansa tana tsinkar zogale. Duk abin da aka ce mini kyauta ne, nakan leƙa ƙarƙashinsa in ga inda aka ɗaure igiyar.

Ta taga na gan su. An buɗe cikin inji ɗaya a kan tabarma, Rashida tana share ƙura da tsohon buroshin haƙori, Mushe yana riƙe mata fitilar waya. Akwai mata a ɗakin, ban ce babu ba. Ya faɗi wani abu, ta yi dariya. Irin dariyar da take rufe baki da bayan hannu.

A bayan ordinatar ɗinsa ta hannu ya manna hoton wani tsuntsu baƙi da fari, zaune daɓas da ƙaton ciki, kamar agwagwar da ta ci gado. Wai shi ne alamar Linuks ɗin. Tsuntsun kallona yake.

Alhamis, da safe

Buroshin nawa ne. Na neme shi yau na rasa.

Jumma'a, bayan saukowa daga masallaci

Gwaggo Ɗelu ta zo shago. Ba ta zauna ba, wannan kaɗai ya ishe ni labari.

Ta ce, "Nasiru, yaushe za ka tashi mutane su je biko?"

Na ce, "Gwaggo, biko ai sai wadda ta yi yaji. Wannan ziyara ta je."

"Ziyara da akwati?"

"Mata da kaya, Gwaggo."

Ta dube ni kamar yadda take duban tumatir ɗin da aka jera masu kyau a sama. Ta ce, "Kai ɗan nan, na yi maka wanka kana tsirara, kada ka sayar mini da magana. Ka haɗa sunan matarka da na wani namiji a gaban masu jiran waya. Mutum cike da benci."

Na ce da dariya na faɗa. Kowa ya san ni da wasa.

"To an yi dariyar. Ka ji daɗi?"

Ta ciro wayarta daga caji ba ta cika ba, ta tafi.

Ni ban ga abin da na faɗa ba da za a ɗauki akwati. Mace ta fita tun hantsi, ta dawo bayan la'asar hannu duk ƙura, fuska kamar an yi mata albishir, takardun mutane na nan jibge. Tambaya na yi. Ƴar gajeriya ma.

Asabar, da azahar

Labari mai daɗi ya zo da ƙafarsa. Wata ƴar ƙungiya ta kawo caji, ban tambaye ta komai ba, na dai ba ta kujera.

Injunan sun kunnu. Wai ƴar batir ce mai kama da kwabo a ciki ta mutu, Rashida ta gano, ta sayo wajen mai gyaran agogo. To amma nan gudun ya tsaya. Mushe ya zo da Linuks ɗinsa a cikin kile, ƴar abar nan da ake sokawa a gefen inji. Injunan kuwa sun girmi wannan wayon. Ba su san a tashe su da kile ba. Sun soka ta gaba, sun soka ta baya, sun shiga shuɗin allon nan na farko sun juya komai, inji ya ce shi bai ga kowa ba. Sun so su cire rumbun ajiyar su haɗa da ordinatar ɗin Mushe, sai suka tarar bakinsa irin na da ne, mai faɗin nan kamar matsefi, ba abin da zai shiga.

Na ce, "Ayya. Allah Ya sauwaƙe."

Na sayi tsire. Na ba mai shayi labarin da ya daɗe bai ji irinsa ba, har ya manta madara a wuta.

In abin ya mutu, sito ya koma na albasa, ina kuma za ta dosa? Injinta na nan, zanenta na nan.

Litinin, da la'asar

Ya zo. Shi da kansa, da jakar goyon.

Ya yi sallama, ya tsaya daga bakin ƙofa har sai da na ce ya shigo. Ya gaishe ni da hannu biyu. Yaya Nasiru yake ce mini. Na fi son mutumin da zai zage ni, aƙalla na san inda zan kama.

Ya ce, "Yaya, wajenka na zo neman taimako. Injunan nan faifan sede, wato CD, kaɗai suke ji. Wanda ba a rubuta komai a kansa ba nake nema, da injin da zai buga shi. Guda ɗaya ya isa, shi za a bi da shi a kansu duka. Na zagaya Maradi, debede, wato DVD, kawai na samu, su kuma ba su karanta shi. Kowa na tambaya sai ya ce, je wurin Mai Faifai."

Mai Faifai. Rabon da in ji sunan a bakin wani har na manta.

Na ce, "Kayya, Mushe. Da ka zo bara. Wa ke ajiye faifai yanzu?"

A daidai lokacin wani gwangwani yana saman kantar shago, bayan kansa. Faifai fanko, sabbi, cike har wuya, ragowar sarin ƙarshe da na yi kafin waya ta kashe mana kasuwa. Da ya juya da sun haɗa ido.

Na ce, "Wa ya ce maka ina da su? Ita ce?"

Ya ce, "Maman Safiya ba ta ce komai ba. Da na ambaci sunanka sai ta tashi ta fita."

Ya yi godiya. Godiyar me? Ya tafi.

Litinin ɗin dai, gab da magariba

Sama'ila taubashina ya biyo daga gona yana zagin tsuntsaye. Dawarsa ta bakin tafki ta fara nuna, jan-baki sun sauka a kanta kamar an gayyace su walima. Ya ce, "Kai bawana, ba ka da sauran ruɓaɓɓun fina-finan nan naka in rataya? Ko tsuntsu ya gan su ya san ba abin kallo ba ne, ya gudu."

Tsofaffin fina-finan suna can ƙasan buhu a gida. Nisa.

Na miƙa hannu saman kanta na sauko masa da gwangwanin. Na ce sabbi sun fi ƙyalli.

Ya ce, "Duka?"

Na ce duka. Zumunci ai ba a yi masa awo.

Taimakon manomi na yi. A rubuta mini lada.

Laraba, da hantsi

Daga kan hanyar tafki ana hango gonar Sama'ila tana walƙiya, kamar an yi mata kwalliyar amarya. Mutane har tsayawa suke. Ban tsaya ba.

Alhamis, da azahar

An ga Mushe ya sauke Rashida a babur. An ce Gwaggo Ɗelu ce a baya, ba ita ba. Wanda ya faɗa mini na farko ya fi gani da kyau.

Asabar, bayan azahar

Ta zo shago.

Ina cikin warware wayoyi na ji sallamar. Masu benci duk suka yi tsit, kowa ya sami abin dubawa a tafin hannunsa. Ta rame kaɗan, ko kuwa mayafin ne sabo. Safiya ba ta tare da ita.

Ta ce, "Sannu da aiki, Baban Safiya. Sukurdireba ƙarama na zo ɗauka, tawa ce."

Na ce, "Bismillah, shagonki ne." Na faɗa da ƙarfi don benci ya ji.

Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauka. Sannan ta ɗaga kai ta dubi saman kantar shagon. Ita ke share wurin duk Jumma'a, tun da ta tafi ba wanda ya taɓa shi. Ƙura ta kwanta ko'ina, sai wani da'ira ɗaya fes, daidai gindin gwangwani.

Ta daɗe tana kallon da'irar. Na buɗe baki in ce ɓera, na tuna ɓera ba ya ɗaukar gwangwani.

Ba ta tambaya ba. Ta gyara gefen zanen da ke kan injinta, inda ya zame, ta ce, "A tashi lafiya."

Da ta yi faɗa da na ji daɗi. Ina da amsoshi a shirye tun Litinin, masu kyau.

Lahadi

Ban buɗe ba. Ciwon kai.

Talata, bayan la'asar

Inusa ya tare ni a bakin masallaci. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, dillalin shanu, shi ya sa nake tsoronsa.

Ya ce, "Nasiru, ba faɗa na zo ba, sanarwa ce, don kada ka ji a bakin mai shayi. Ƙungiya ta ce in wata ya mutu injunan ba su tashi ba, za su mayar da ɗakin wurin ajiyar amfanin gona, girbi ya matso. Ita kuma yarinyar nan ba za ta zauna mini a gida tana kallon bango ba. Innarmu ta Maradi ta samo mata wurin bugu kusa da babbar kasuwa. Da ita da Safiya."

Na ce, "Yaya, da aurena a kanta?"

Ya ce, "Auren yana nan inda ka ajiye shi, a gaban benci. Ba wanda ya taɓa maka."

Na ce to ai injunan ma ba lalle su ƙi tashi ba.

Ya ce, "In sun tashi ita za ta riƙe ɗakin, ta koyar da mata, tana nan garin. Amma an ce faifai ya gagara. An ce ko kai ba ka da shi." Ya kalli takalmina. "Ikon Allah."

Talata, bayan isha'i

Maradi.

Na lissafa komai, kamar yadda nake lissafa mai saye tun daga takunsa. Wannan ne kawai ban sa a ciki ba.

Laraba, da hantsi ya yi zafi

Na je gonar Sama'ila da buhun tsofaffin fina-finai a kai. Ashe gida ba nisa.

Yana kan rumfar tsaro yana kaɗa gwangwani. Da ya ji abin da ya kawo ni sai da ya sauko don ya yi dariya da kyau.

"Kyautar da ka yi ce ka biyo? Kai, bayin yanzu ba kunya. Ka san tun da na rataya su ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba?"

Na ce musanya na kawo, ɗaya a bakin ɗaya, har da ƙari.

"Waɗannan duk sun dushe. Wa zai ji tsoron wannan? In ka kwance mini igiya, kai za ka tsaya a madadinta."

Haka aka yi. Ni Nasiru, da tumbina, na bi igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan ina kwance sabo ina ɗaura tsoho, ina ihu "Haa! Haa!" duk lokacin da garken ya juyo. Sama'ila yana inuwa yana ba da umarni. Masu kamun kifi suka tsayar da kwalekwale suna kallo. Gobe duk gari ya ji. Ta ji ma.

Na tara su a inuwa na duba. Na san faifai kamar yadda Inusa ya san haƙorin bijimi. Rana ta dafa su. Cikin da ya kamata ya yi kore-kore ya koma fari, wasu sun lanƙwashe, iska ta goga su da kara duk sun yi zane.

Na kwaso.

Alhamis, da la'asar

Na tono tsohon injin bugun faifai daga ƙarƙashin gado. Kyankyasai sun yi unguwa a ciki. Na hure, na goge idonsa da auduga, na haɗa. Ya yi tari ya tashi, ɗan halak.

Na gwada su da waƙa, ɗaya bayan ɗaya. Ya ja, ya yi gurnani, ya tofo. Ya ja, ya tofo. Wuta ta ɗauke, na zauna ina fifita da faifai har ta dawo. Ya ja, ya tofo.

Ba ko ɗaya.

Takalmin Safiya ƙafa ɗaya yana ƙarƙashin gadon. Ban san da me take yawo ba.

Jumma'a, da safe

Gwangwanin cike yake lokacin da na ba Sama'ila. Abin da na kwanto daga igiya bai cika shi ba.

Jumma'a, bayan la'asar

Sama'ila ya rantse duka ya rataya. Sai uwargidansa ta leƙo daga ɗaki ta ce, "In wannan mai ƙyallin ne, ɗaya na wajena. Madubina ya fashe."

Yana rataye jikin ƙusa a cikin ɗaki, inda rana ba ta kai. Duk shatin yatsu da man kitso, da ɗigon kwalli a gefe. Na karɓe shi da hannu biyu kamar jariri. Na je kasuwa na sayo mata madubi na gaske mai baki ja, ta ce wancan ya fi nuna ta da kyau. Sama'ila ya ce in ƙara da tsire, tun da shi ya yi kiwonsa.

Na wanke shi da ruwa da ɗan sabulu, daga tsakiya zuwa baki, na shanya a kan farar hula.

Sai yanzu na tuna. Faifai ina da shi, inji ina da shi. Abin da za a zuba a ciki yana cikin kile, kilen tana cikin jakar goyo.

Asabar, da hantsi

Na je gidansa. Ba zan tsawaita ba.

Na tarar da shi yana wanke wa mahaifiyarsa buta. Ko wannan sai da ya ba ni haushi. Na ce, "Mushe, na yi bincike, ashe akwai guda ɗaya da ya ɓuya." Ya dubi wuyana da rana ta ƙona, duk gari ya san inda na yi binciken. Ya ce, "Alhamdu lillahi, Yaya." Ko murmushi bai yi ba. Da ya yi da na sami abin riƙewa.

Muka zo shago. Ya zaɓo ƙaramin Linuks ɗin da zai shiga faifai ɗaya. Na ce masa, cikin muryar wanda ya san sana'a, sai an buga a hankali, da mafi ƙarancin gudu, don idon tsohon inji ba ya ganin rubutun gaggawa. Ya ce, "Haka ne, haka aka rubuta a bayanin." Ko wannan bai bar mini ba.

Layin ya riƙa tafiya a kan allo kamar hawainiya. Ban taɓa roƙon Allah a kan wutar lantarki irin yau ba. Faifai ɗaya ne, ba a buga shi sau biyu.

Muna jira na ce, don dai a yi magana, "Su waɗanda suka yi abin nan, me suke ci in kyauta ne?"

Ya ce, "Wasu aikinsu ne, wasu don suna so. Wanda ya gyara abu sai ya bar wa na baya."

Na leƙa ƙarƙashin maganar. Har yanzu ban ga igiyar ba, amma ban daina nema ba.

Inji ya tofo shi da ɗumi. Bai yi gurnani ba.

Asabar, bayan magariba

Ɗakin ƙungiya cike da mata da warin albasa. Na shiga da faifan a cikin hula. Mushe ya miƙo hannu, na yi kamar ban gani ba, na wuce na miƙa mata.

Ta riƙe shi ta gefe, yadda na koya mata tun muna sabon aure. Ta juya shi ta ga ɗigon kwallin da ya ƙi fita. Ta danna, tiren ya fito yana rawa kamar harshen tsoho, ta ɗora, ta kashe injin ta kunna.

Shiru. Sai ƙara, kamar ana niƙa a nesa. Sai fararen rubutu suka fara gudu a kan baƙin allo. Wata tsohuwa ta ce, "Yana karatu!" Aka daɗe. Sai allo ya waye, ga ƴar kibiya a tsakiya. Rashida ta motsa linzamin, kibiyar ta bi hannunta.

Guɗa ta tashi har awaki suka watse a waje.

Ita ta yi sauran. Ta zaɓi Faransanci, ta daidaita maɓallan, ta ce a share tsohon kan a zuba sabo, tana yi tana gaya wa matan abin da take yi. Mushe yana gefe hannu a aljihu. Ban san ta iya haka ba. A shagona takardar neman aiki kawai take bugawa. Shekara nawa wannan tana zaune kusa da ni ina ba ta canjin caji ta ƙirga?

Wani abu ya tsaya mini a rai, kuma wannan karon ba Mushe ba ne. Ban san sunansa ba. Ita kowa ke kallo.

Gwaggo Ɗelu ta zungure ni da gwiwar hannu. "To, ga ta ga ka. Ko bakin ya ƙare a gonar Sama'ila?"

Na matsa na rage murya. Na ce, "Maman Safiya, wannan shi ne goron bikona."

Ba ta ɗauke ido daga allo ba. Ta ce, "Faifai ya yi, an gode. Na mata ne, ba nawa ba."

Na ce to maganar nan da ta wuce…

Ta ce, "A shago ka faɗe ta, Baban Safiya, da ƙarfi. Nan ba shago ba ne."

Lahadi, da azahar

An ce inji na biyu da na uku sun tashi da faifan. Ɗaya ya ƙi, ƙwaƙwalwarsa ta yi kaɗan, ta ciro ta wanda ya mutu ta ƙara masa. An ce. Yanzu komai sai an ce mini.

Ba za ta Maradi ba. Tana gidan Inusa, tsallaken titi biyu. Ban san wanne ya fi nisa ba.

Ranar kasuwa, bayan la'asar

Na jira benci ya cika. Na aika aka kira mai shayi, shi ya fi kowa dariya ran nan. Inusa ya zo ya tsaya daga nesa kamar mai tayin bijimi. Gwaggo Ɗelu ta zo da ita, suka tsaya a bakin ƙofa.

Na kashe waƙa. Na miƙe.

Na sayar da agogon da ba ya tafiya, na sayar da fim ɗin Indiya da sunan na yaƙi, ban taɓa neman kalma na rasa ba. Yau sai da na nema. Da na samu na faɗa da ƙarfi, yadda na faɗi waccan, na ambaci sunanta, na ambaci na Mushe, ba da dariya ba.

Ba zan rubuta ta a nan ba. Waccan ma ban rubuta ba.

Ba wanda ya yi dariya. Mai shayi ya ce wayarsa ta cika ne? Na ce ta cika.

Alhamis, da hantsi

An cire zanen daga kan injin. Yana kan igiya a gida, an wanke.

Da safe tana ƙungiya, da yamma tana shago. Ba ni na tsara ba, sanar da ni aka yi. Ta ce injin shagon ma nauyi yake yi, za ta zuba masa Linuks. Na ce injina ne. Ta ce to. Ta zuba.

Buroshina bai dawo ba.

Mushe ya aiko wa ƙungiya da hotunan tsuntsun nan na mannawa, ta kawo ɗaya ta manna a goshin injin, daidai inda nake kallo in na zauna. Na ce a shagona? Na fara shirya magana, mai kyau, har na buɗe baki.

Sai Safiya ta hau benci da takalmanta ƙafa biyu, ta daɗe tana duban tsuntsun, ta sa yatsa a kan ƙaton cikinsa, ta juyo ta dubi nawa.

Ta ce, "Baba."

Rashida ta rufe baki da bayan hannu.

Na bar shi a wurin. Hotona ne.